Zaman dakon barewa a kan bishiya a Wiskonsin

Wani aiki ne ya kai ni Shikago ta ƙasar Amurka cikin watan Nuwamba, da na gama sai nace bari in leƙa wani tsohon abokina da mukai makaranta tare, yana zaune a Madison babban birnin jihar Wiskonsin, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ce a mota. Ina sauka ko ruwa ban gama sha ba yace min mutumina ka zo a daidai, jibi Asabar ake buɗe farautar barewa da bindiga kuma da kai za a. Nace wace irin farauta cikin wannan sanyin, ina karnukan, ina gorar, ina mai kiɗan? Ya dinga dariya yace a jihar nan bin barewa da kare ma laifi ne, zama ake yi a jira ta.

Farautar bindiga a Wiskonsin kwana 9 ce kacal, ana buɗe ta ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, kuma mutum sama da rabin miliyan ne ke yankar lasisi duk shekara. Tun a hanya za ka gane, duk gidan man da muka tsaya cike yake da ƙartai harda mata da yara cikin riga da hula ruwan lemo mai ɗaukar ido, kowa da kofin kofi a hannu. Doka ce, aƙalla rabin kayan da ke jikinka daga ƙugu zuwa sama su zama wannan kalar, in ka sa hula ita ma haka, a 2016 kuma suka yarda da ruwan hoda mai ƙyalli ga mai so. Nace to wannan ai tun daga nesa barewa za ta hango ka, yace idonta bai raba ja da ruwan lemo da kalar ciyawa sosai, shuɗi ne take gani tarwai, don haka mai wandon jins ya fi mai rigar lemo tona kansa, rigar don ɗan uwanka maharbi aka yi ta kada ya ɗauke ka barewa. Ni dai ɗan kallo ne, ba lasisi ba bindiga. Shi kuwa sai da yai kwas, don duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya nuna takardar kwas ɗin farauta, sai fa in zai fita a ƙarƙashin wani gogagge yana kusa da shi.

Daga Madison muka miƙe yamma a titi mai lamba 14, muka tsallake kogin Wiskonsin wajen Spring Green, muka wuce Richland Center muka doshi wajajen Viroqua. Yankin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne irin na sauran jihar, tsohuwar ƙanƙarar da ta daddanne ƙasar arewacin Amurka ba ta bi ta nan ba, sai ya zama tudu da kwari, tudu da kwari, gonar masara a sama, daji a gangare, rafi a ƙasa, ga rugagen shanun madara, lokaci lokaci ka ci karo da keken dokin mutanen Amish, wasu Kiristoci da ba sa tuƙa mota, a gefen titi. Gonar da muka sauka ta wani dattijo ce da ɗansa ke aiki tare da abokina, mutum mai ƙarancin magana, amma in aka taɓo barewa to ka nemi wurin zama.

Da yammacin Juma'a ya zaga da mu a fikof ɗinsa ya nuna mana wuraren dakon daga nesa, bai yarda mun matsa ba wai kar mu bar wari. Iri uku ne. Akwai tsanin ƙarfe da aka jingina da bishiya aka ɗaure, a samansa ɗan dandamali da kujera, tsayinsa mita 5 zuwa 6. Akwai tanti na ƙasa mai zanen ganye da ƙananan tagogi. Sai kuma wata bukkar katako a kan dogayen ƙafafu a bakin gonar masara, wadda shi yake zama tun da gwiwa ta fara ba shi matsala. Tantin yace tun farkon Oktoba ya kafa shi ya lulluɓe da rassa, don barewa ta san dajinta sarai, in ta wayi gari ta ga sabon abu a hanya sai ta canza hanyar, kuskuren baƙi kenan, mutum ya zo daren buɗewa ya kafa tanti tsakiyar fili ya zauna yana mamakin me ya sa bai ga komai ba.

Daren nan bai bar mu mun kwanta ba sai da ya sa min ɗamarar tsaro ya gwada ni a jikin wani ginshiƙi a rumbunsa. Ɗamarar ta kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, igiyarta na fitowa ta baya tsakanin kafaɗu. Yace mutane na tsoron harsashi, amma abin da ya fi kai mafarauta asibiti shi ne faɗowa daga bishiya, kuma yawanci ba a zaune ake faɗowa ba, wajen hawa ne ko sauka ko daidai lokacin da za ka ɗaga ƙafa daga tsani zuwa dandamali, ga duhu ga raɓa ta daskare a kan ƙarfe. Shi ya sa ya ɗaura doguwar igiya daga saman bishiyar har ƙasa, da wani ƙulli a jikinta wanda in ka tura shi da hannu yana tafiya in kuma nauyi ya fizge shi sai ya cije, tun kana ƙasa za ka maƙala ɗamararka a jiki ba sai ka hau ba. Ba a hawa da bindiga a kafaɗa, a cire harsashi a ɗaure ta da wata igiyar bakinta na kallon ƙasa, sai ka zauna ka ɗaure kanka sannan ka jawo ta. Igiyar bayan ma akwai yanda ake ɗaure ta, sama da kai, ta ɗan yi tsauri in kana zaune, don in ka zame kar ka yi nisa da dandamalin ka kasa komowa. Wani abin da ya faɗa ya tsaya min a rai, wai wanda ɗamara ta riƙe yana reto ma bai tsira ba, in ya daɗe a rataye jini na taruwa a ƙafafu har ya suma, don haka akwai wani ɗan madauri a aljihun ɗamarar da za ka zaro ka taka ka miƙe a kai, kana motsa ƙafa har a kawo ɗauki. Ya ƙara da cewa duk shekara sai ya sauke tsanin ya duba madaurinsa, rana da ruwa na cinye su, kurege ma na gaigaya, kuma kar a kuskura a jingina da matacciyar bishiya, ga su nan birjik tun da wani ƙwaro da aka fara gani a jihar a 2008 ya bi wani irin itace da suke kira ash yana kashewa.

Asuba wajen biyar da rabi mukai sallah a cikin gida da alwalar ruwan ɗumi, muka fito. Ma'aunin motar na nuna ƙasa da sifiri, numfashi na fita kaman hayaƙi. Abin mamaki abokina ya hana ni sa babbar rigar sanyin, yace ɗaure ta a bayan jaka, da 'yar shara za mu hau tudun kuma a hankali, ka ɗan ji sanyi yanzu ya fi. Dalilin shi ne gumi, in ka rufe jikinka ruf ka hau gangare za ka jiƙe, kana zama minti ashirin gumin ya huce a jikinka to ka shiga uku, ba rigar da za ta cece ka. Don haka ma ba a sa auduga a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe, ulu ake sawa ko irin yadin 'yan ƙwallo. Turare kuwa tun a Madison ya kafa min doka, ko sabulu mai ƙamshi ban taɓa ba, kayan ma a wata roba suka kwana a waje don kar su ɗau warin kicin.

Tsaninmu mai kujerar mutum biyu ne. Muka hau ɗaya bayan ɗaya, muka sa manyan rigunan, muka zauna cikin duhu. Doka ta ce sai saura minti 30 rana ta fito ake fara harbi, a tsaya minti 20 bayan faɗuwarta, ranar kuwa sai wajen bakwai take fitowa. Lokacin na cika sai ka ji tau daga can nesa, wani ya amsa daga wani tudun, kwarin na mayar da ƙarar, daga nan kuma shiru.

To a nan ne aikin yake. Wallahi zama wuri ɗaya ba motsi cikin sanyin nan ya fi noman rani wuya. Awar farko lafiya lau, kana kallon gari na wayewa kana jin daɗi. A ta biyu sanyin ƙarfen dandamalin ya fara ratso tafin takalmi, yatsun ƙafa su fara tsami sannan su daina jin komai, ƙugu ya ƙage, hanci na zuba kuma ba halin ka ja shi da ƙarfi. Allah ya taimaka dattijon ya ba mu wani soso mai kauri muka ɗora a kujera da guntun kafet a ƙarƙashin ƙafa, shi kafet ɗin aiki biyu yake, ya tare sanyi ya kuma hana takalmi ƙara a kan ƙarfe. Akwai kuma 'yan ƙunshin nan da ake fasa ledarsu a girgiza su ɗau zafi, garin ƙarfe ne da gishiri a ciki, iska na shiga sai ya fara tsatsa yana fidda ɗumi na awanni, mun sa a aljihu da cikin takalmi. Abokina ko safar hannu mai kauri bai sa ba, siririya ce, hannun na cikin wata jaka mai baki biyu da ya ɗaura a ciki, don in barewa ta fito ba sai ya tsaya kokawar cire safa ba. Abincin ma tun a gida ya juye shi daga ledar kanti zuwa tsumma, wai ƙarar leda a dajin da ba iska har ƙasan kwari ake ji. Da farko na ɗauka duk wannan gata ne irin na mutanen da komai sai sun nemi sauƙi, kafin ƙarfe tara na gane lissafin, wanda ƙafarsa ke ciwo sai ya motsa, wanda ƙugunsa ya ƙage sai ya gyara zama, ita kuma barewa motsi take kamawa kafin komai.

Kurege kuwa Allah ya isa. Ɗan abu kaɗan amma in yana tsalle cikin busasshen ganye sai ka rantse ƙaton namiji ne ke tahowa, zuciya ta dinga bugawa, ka juya ido a hankali ka ga ɗan banza yana tonon 'ya'yan itace. Ita barewar da ta zo ba mu ma ji ta ba. Kawai gani nai abokina ya ƙame, na bi idonsa sai ga mace da ɗanta a gangaren ƙasa da mu, launinsu ya saje da dajin, tana taku ɗaya ta tsaya, kunnuwa na juyawa. Lasisinsa ya halatta masa mace amma namiji yake jira. Tana cikin tafiya sai ta tsaya cak ta ɗaga hanci, ta buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi wani irin huci mai ƙarfi fuuu, ta ɗaga farar jelar nan sama, kafin ka ce me sun haye tudu, kuma tana tafe tana hucin, duk dajin ya ji. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Abokina ya zaro wani farin gashi gashi daga aljihu ya saki, na 'ya'yan wani tsiro ne dangin tumfafiya, muka bi shi da ido, maimakon ya bi gabas yanda iskar ranar ta nuna sai ya yi kwana ya gangara daidai inda ta tsaya.

Da muka ba dattijon labari da rana bai yi mamaki ba. Yace a ƙasar tudu iska biyu ce, akwai wadda ake faɗa a rediyo akwai ta kwarin kanta, da sanyin safiya kafin rana ta bugi gangaren iska mai sanyi ƙasa take kwarara ta tafi da warinka, in rana ta ɗumama wurin sai ta juya ta hau sama, da yamma ta sake gangarowa. Yace mutane na kashe kuɗi a kan feshin kashe wari da riguna masu tsada, shi bai hana ba, amma in iska ta ɗauki warinka ta kai mata ko wankan me kai sai ta ji. Shi ya sa yake da wurin dako fiye da ɗaya, kowanne da iskar da ta dace da shi, in ba ta dace ba ko yana son wurin haƙura yake, kuma hanyar da za ka bi ka shiga ma lissafi ce, kar ka ratsa inda suke kwana ko inda suke kiwo.

A teburin nan ne aka sa wani saurayi ɗan ƙanin dattijon a gaba da tsiya. Shi tun kafin tara ya sauko ya koma mota ya kunna hita. Ashe safa uku ya jibga ya tura ƙafar cikin takalmin da dama daidai yake masa, ya matse jini ya daina zagayawa, ga shi ya makara ya hau tudun da gudu cikin rigar auduga, ga waya a hannu haskenta na dukan fuskarsa cikin duhu. Dattijon yace masa yaro takalmin dako sai yatsu na rawa a ciki, safa ɗaya siririya ɗaya ta ulu sun isa. Abin da ya fi ba shi haushi ma saukowar ce, yace ranar buɗewa tsakanin goma da sha biyu irinku ne ke tashi su nufi mota su koro barewa, wanda ya daure ya zauna shi ke samu.

Yammar ranar na bi dattijon bukkarsa, kai jama'a, wannan ai ɗaki ne. Kafet har bango, kujerar ofis mai juyawa wadda ya shafe da mai don kar tai ƙara, ƙaramar hitar gas, fulas ɗin kofi, harda shiryayye na ajiye madubin hange. Amma a nan ma akwai nasa kurakuran. Hitar na ci sai ya bar taga ɗaya a ɗan buɗe da wata kafa a ƙasa, don gas in yana ci a rufaffen wuri yana fidda iskar nan mai kisa da ba ta da wari, barci kawai za ka ji. Tagogin baya duk a rufe suke da baƙin yadi, yace in ka buɗe gaba da baya haske ya ratsa, daga waje inuwarka ake gani ƙarara duk juyin da kai, kuma kar ka manna fuska a taga, ka ja baya cikin duhun. Sai ya nuna min wani rami a katakon tagar yana murmushi, wani baƙonsa ne shekarun baya, ya leƙa ta madubin bindiga ya ga barewa sarai ya manta bakin bindigar na ƙasa da madubin, ya ɗirka wa taga harsashi. A rufin bukkar ya kafa ƙyalle ruwan lemo, a dajin gwamnati dole ne tantin ƙasa ya nuna inci 12 sau 12 na wannan kalar ta kowane ɓangare, shi gonarsa ce amma yace harsashin maƙwabci bai san iyaka ba. Ra'ayina dai bukkar ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai tana toshe kunne, ba ka jin dajin, ga ɗumi na jawo gyangyaɗi, shi kansa mai gidan na ga kansa na lilo wajen la'asar. A kan tsani kuwa wuya kake sha amma komai a idonka da kunnenka yake.

Ana saura kaɗan lokaci ya cika muka ji harbi ɗaya daga ɓangaren abokina. Na zabura zan miƙe dattijon ya dafa ni yace zauna, ko abokin naka ba zai sauko yanzu ba. Wai kuskuren da ya fi ciwo kenan, mutum ya harba ya diro da gudu, dabbar da da za ta kwanta nan kusa sai ta tashi ta yi nisa ta shiga gonar wani. Ana ba ta kamar rabin awa, kana zaune kana haddace inda take tsaye da bishiyar da ta ɓace a bayanta, don in ka sauko ƙasa wurin gaba ɗaya canza maka yake. Da tocila muka bi jinin, mai haske ne da kumfa kumfa, dattijon yace huhu ne ba za ta yi nisa ba, ai kuwa a bakin rafi muka same shi, namiji matashi mai rassan ƙaho shida. Abokina yace yai bisimilla kafin ya ja kunamar, kuma da wuƙarsa a kusa ko da zai tarar da sauran rai ya yanka. Jan shi zuwa inda fikof ke iya shiga ne ya fitar mana da duk sanyin ranar.

Saura aikin hukuma. Dole ka yi rajistar abin da ka harba ta waya ko intanet kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari. Sannan yankin nan na fama da wata cutar ƙwaƙwalwa da ke rame barewa har ta mutu, a 2002 aka fara gano ta a jihar kusa da garin Mount Horeb, saboda ita aka hana zuba masara don jawo su a ƙananan hukumomi da yawa, don haɗa baki wuri ɗaya na yaɗa ta. Ba a tabbatar ta taɓa kama mutum ba amma hukumomin lafiya sun ce kar a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita, gwajin kuma kyauta ne, akwai akwatuna a garuruwa da za ka sa kan a leda ka cike takarda ka jefa. Abokina da kansa ya feɗe ya daddatsa naman ya zuba a firiza, bai kai wa mahautan garin ba, saboda naman barewa ba kitse kuma in za su yi tsiran nan nasu na hanji yawanci da kitsen alade suke haɗawa, wanda zai kai to ya faɗa musu tun farko. Jirgina ya riga sakamakon fitowa don haka ko tsoka ban ɗanɗana ba, sai daga baya ya turo min hoto a WhatsApp wai ba cutar, ga tsire ya yi da yajin ƙulin da na kai masa tsaraba, harda cewa dattijon ya cinye tsinke biyar yana hawaye yana neman ruwa.